SUNA DA JINI: YADDA SUNAN WASHINTON YA BAZU A DUNIYA

Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Duk ɗalibin da ya shimfiɗa taswirar duniya ya bi ta da yatsa a tsanake, zai yi ta cin karo da suna guda a wuraren da ke da nisan gaske da juna. Zai gan shi a kan babban birnin Amurka, da wata jiha a arewa maso yammacin ƙasar, da wani gari a Filifin, da wani yanki a Girinlan, har da wani tsinin ƙasa a Antatika inda tsuntsaye ne kawai ke zaune. Sunan kuwa shi ne Washinton, wanda Turawa ke rubutawa Washington. Ban da wurare, mutane fiye da 160,000 ne ke amsa shi a Amurka kaɗai.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya sa sunan ya shahara, wato Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, bai haifi ɗa ko ɗaya ba. To, ta wace hanya sunan wanda bai bar baya ba ya game duniya haka? Tambayar ta shafi tarihi, amma ta shafi ilimin halittu ma, domin a ƙasashen Turai sunan zuriya yana bin hanyar da wani zaren gado ke bi a jikin ɗan Adam, wato daga uba zuwa ɗansa namiji. Wannan maƙala za ta bi sawun sunan tun daga tushensa, don a ga inda ya tafi tare da jini, da kuma inda suka raba hanya.

Yadda Sunan Zuriya Yake a Ingila

A al'adar Hausawa, yaro yakan ɗauki sunan mahaifinsa ne ya haɗa da nasa. Idan Musa ɗan Audu ya haifi Garba, za a kira yaron Garba Musa, sunan Audu kuma ya tsaya nan. A Ingila ba haka abin yake ba. Suna ɗaya ne ke gangarowa daga kaka zuwa uba, zuwa ɗa, zuwa jika da tattaɓa-kunne, ba tare da ya sauya ba, mace kuma takan bar na gidansu ta ɗauki na mijinta idan ta yi aure. Wannan al'ada ta fara ne a gidajen masu mulki bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 14 ta game yawancin talakawa.

Sunayen sun samo asali ne daga tushe huɗu. Akwai na sana'a, irin su Smith, wato maƙeri. Akwai na sunan uba, irin su Johnson, wato ɗan Jon. Akwai na siffa ko laƙabi, irin su Long, wato dogo. Na huɗu su ne na garuruwa, kuma a nan Washinton ya faɗo. Wannan kashi na huɗu ba baƙo ba ne ga mai karatu. Sunan garin Tafawa Ɓalewa ya zama sunan Firayim Ministan Nijeriya na farko, daga baya kuma sunan nasa ya koma kan wani dandali a Legas da wata jami'a a Bauchi. Wato suna ya tashi daga gari ya hau kan mutum, sa'an nan ya sauka daga kan mutum ya koma kan wasu wurare. Irin wannan tafiya ce sunan Washinton ya yi, sai dai tasa ta fi nisa.

Daga Ƙauyen Durham Zuwa Birjiniya

Tushen sunan wani ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da kogin Wear, a tsohuwar gundumar Durham. A da ana rubuta shi Wessyngton. Ƙarshen kalmar, wato "ton", yana nufin gandu ko ƙauye a tsohon Turanci. A wani kundin ƙididdigar filaye na Bishop ɗin Durham da aka rubuta a 1183, an ambaci wani mutum mai suna Wiliyam na Hertburn, wanda ya ba da filinsa na Hertburn aka musanya masa da wannan ƙauye. Da ya koma can, sai aka shiga kiran sa Wiliyam na Wessyngton, 'ya'yansa da jikokinsa kuma suka gaji sunan. Da tafiya ta yi tafiya, rubutun ya sauya ya zama yadda aka san shi a yau.

Tun daga nan aka fara ganin raunin da ke tattare da gadon suna ta wajen maza. Wajen ƙarshen ƙarni na 14, magajin gidan asali ya rasu ya bar 'ya mace, saboda haka gida da filaye suka koma hannun dangin mijinta masu wani suna dabam. Wani reshe ne da ya riga ya ƙaura zuwa Lancashire ya ci gaba da riƙe sunan. Daga wannan reshe aka sami Lorens Washinton, attajirin ulu wanda ya taɓa zama magajin garin Northampton. Wajen 1539, lokacin da Sarki Henri na Takwas ya ƙwace kadarorin gidajen ibada yana sayarwa, Lorens ya sayi filin Sulgrave ya gina gida. Gidan yana nan har yau, kuma a kan ƙofarsa akwai tambarin zuriyar: taurari uku a bisa ratsi biyu.

Yaƙin basasar Ingila ne ya tura sunan ƙetaren teku. Wani Lorens ɗin daga cikin zuriyar, limamin coci a garin Purleigh, ya goyi bayan sarki, sai 'yan majalisa suka kore shi daga muƙaminsa a 1643, iyalinsa suka shiga talauci. Ɗansa Jon ya kama aikin jirgin ruwa na fataucin taba. A farkon 1657 jirginsu ya kafe a kogin Potomac da ke Birjiniya. Jon bai koma gida ba. Ya auri 'yar wani mai gonaki, ya sami fili, ya zauna. Tattaɓa-kunnensa shi ne Joj, wanda aka haifa ranar 22 ga Fabrairu, 1732.

Joj Washinton ya jagoranci sojojin Amurka a yaƙin neman 'yanci daga 1775 zuwa 1783, ya yi shugabancin ƙasa daga 1789 zuwa 1797, ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799. Ya auri Marta a 1759, kuma ita ta riga ta haifi 'ya'ya huɗu da mijinta na fari, amma shekara 40 suka yi tare ba su sami haihuwa ba. Ɗan ƙanensa, Bushrod Washinton, alƙali a Kotun Ƙoli, shi ya gaji gidansa na Mount Vernon, shi ma kuma bai haihu ba. Waɗanda ke ɗauke da jinin gidan ta wajen maza a yau sun fito ne daga 'yan'uwan Joj da sauran danginsa.

Wani reshe na zuriyar ya bi wata hanyar. Ya ƙaura daga Ingila zuwa Holan, daga nan wani ɗansu mai suna Jakob ya shiga aikin soja a masarautar Bavariya ta Jamus, ya kai muƙamin janar, aka ba shi sarauta. Zuriyarsa ta zauna a Ostiriya, amma ita ma ta ƙare ta wajen maza a rabin farko na ƙarni na 20.

Zaren Gadon da Ke Bin Suna

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom. A jikinsu ne bayanan gado suke, a rubuce cikin sinadarin DNA. Zarurrukan suna zuwa ne biyu-biyu, tagwaye 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Tagwaye na ƙarshe su ke bambanta namiji da mace. Mace tana da X guda biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ƙwan mace X kawai yake ɗauka, amma ƙwayar maniyyi takan ɗauki X ko Y. Idan mai X ce ta riski ƙwan, mace za a haifa, idan kuma mai Y ce, namiji. A 1990 masana suka gano ƙwayar gadon da ke kan Y wadda ke kunna ginin jikin namiji, suka sa mata suna SRY. Daga wannan bayani mai karatu zai gane cewa zargin da akan ɗora wa matar da ke haihuwar 'ya'ya mata zalla ba shi da tushe a kimiyya.

Akwai wani hali da Y ya keɓanta da shi. Sauran kuromosom sukan yi musayar gutsattsari da abokan tagwaitakarsu kafin a miƙa su ga ɗa, saboda haka abin da yaro ke samu gauraye ne na kakanninsa. Shi kuwa Y, kusan kashi 95 cikin 100 na tsawonsa ba ya shiga wannan musaya. Yadda uba ya karɓe shi haka yake miƙa shi, sai fa 'yan ƙananan sauye-sauye da kan faru jefi-jefi wajen kwafar DNA. Da zarar irin wannan sauyi ya auku, duk zuriyar mutumin ta maza za ta gaje shi. Sauye-sauyen sun zama tamkar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinsa, wadda da ita ake gane na garke ɗaya ko da sun warwatsu a kasuwa.

Ke nan a ƙasar da ake gadon suna daga uba, ya kamata suna da Y su riƙa tafiya tare. Wani farfesa a Jami'ar Oxford mai suna Bryan Sykes ya gwada wannan zato a kan sunansa. Ya aika wa maza masu suna Sykes a Yorkshire da kewayenta wasiƙa, suka goga auduga a cikin kumatunsu suka aiko masa. A sakamakon da aka buga a 2000, kusan kashi 44 cikin 100 na mutum 48 da aka gwada shaida ɗaya ce a kan Y ɗinsu, alamar cewa kakansu ɗaya tun kimanin shekara 700 da suka wuce. Sauran kuwa shaidu iri-iri suke ɗauke da su. Bisa lissafinsa, ya isa a ce a kowane hawa, wato daga uba zuwa ɗa, yaro ɗaya da 'yan kai cikin 100 ya sami sunan ba daga mahaifinsa na jini ba. Hakan kan faru ta hanyar riƙo, ko agola ya ɗauki sunan mijin uwarsa, ko a kira yaro da sunan gidan uwarsa, ko a haife shi ba ta hanyar aure ba. Ɗan ƙaramin kaso ne, amma idan ya taru cikin hawa 20 ko fiye, sai ya raba da yawa daga cikin masu sunan da jinin wanda ya kafa shi.

A 2009, Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun faɗaɗa binciken zuwa sunaye 40 da maza 1,678. Sun tarar cewa masu sunayen da ba su da yawa sun fi zama 'yan'uwa na jini. Masu suna Smith kuwa ba su fi sauran jama'a kusanci da juna ba, domin kowane gari da maƙerinsa, kuma kowane maƙeri ya kafa tasa zuriyar.

Yadda Sunaye Ke Mutuwa

Ƙarewar rassan gidan Washinton ɗaya bayan ɗaya ba wani abin al'ajabi ba ne idan aka duba lissafi. A 1873 masani Francis Galton ya lura cewa sunayen manyan gidajen Ingila da dama sun ɓace, ya jefa tambaya a wata mujalla yana neman a lissafa yiwuwar hakan. Wani limamin coci masanin lissafi, Henry Watson, ya amsa, suka rubuta maƙala tare a shekarar da ta biyo. Daga baya aka gano cewa wani Bafaranshe mai suna Bienaymé ya riga su warware matsalar tun 1845.

Ana iya fahimtar batun da misali mai sauƙi. A ɗauka akwai ƙauye mai magidanta 100, kowa da sunan zuriyarsa, kowa kuma ya haifi 'ya'ya biyu cif. Yiwuwar a ce duka biyun mata ne ita ce ɗaya cikin huɗu, yiwuwar namiji ɗaya da mace ɗaya ita ce rabi, ta maza biyu kuma ɗaya cikin huɗu. Saboda haka a hawa na farko kaɗai sunaye kusan 25 za su mutu. A hawa na biyu jimlar waɗanda suka mutu za ta kai kusan 39, a na uku 48, a na biyar 60, a na goma 74. Duk da haka yawan mazan ƙauyen bai ragu ba. Sunaye 26 da suka tsira su ne suka cike gurbin sauran, ba don sun fi su ƙarfi ko lafiya ba, sai don sa'a kawai.

Malami zai iya gwada wannan a aji da tsabar kuɗi. Kowane ɗalibi ya zaɓi suna, ya jefa tsabar sau biyu, a ɗauki fuska ɗaya namiji ɗayar mace, kuma a sake jefawa sau biyu domin kowane namijin da aka samu. Kafin a kai zagaye na biyar za a ga fiye da rabin ajin sun zauna. Wannan ita ce ƙa'idar da ke sa wasu nau'o'in ƙwayoyin gado su ɓace daga cikin ƙaramar al'umma ta dabbobi ko tsirrai ba tare da wani dalili ba sai dace, kuma ita ce ke tayar da hankalin masu kare namun dajin da suka yi ƙaranci.

Darasin da ke nan shi ne, hanyar jini siririya ce mai saurin tsinkewa. Da a kanta kaɗai sunan Washinton ya dogara, da bai wuce sunan 'yan gidaje ƙalilan ba.

Sunan Ya Hau Taswira

Hanya ta biyu ita ce ta girmamawa, kuma ta buɗe tun Joj yana raye. A 1776, ana tsakiyar yaƙi, aka sa wa wani gari a Karolina ta Arewa sunansa, haka ma wata gunduma a Birjiniya da wata a Merilan. A watan Satumba na 1791 aka raɗa wa sabon babban birnin ƙasar sunansa, gwamnati kuma ta tare a can a 1800. Tutar birnin, wadda aka amince da ita a 1938, taurari uku ne ja a bisa ratsi biyu ja, wato tambarin nan na ƙofar gidan Sulgrave.

Labarin jihar Washinton yana da ban dariya. A 1852 mazauna yankin suka nemi a ba su nasu yanki mai suna Kolambiya. Wani ɗan majalisa ya ce hakan zai jawo ruɗani da gundumar Kolambiya inda babban birni yake, ya ba da shawarar a sa Washinton. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, domin har yau sai an tambaya ko birni ake nufi ko jiha. Yankin ya zama jiha ta 42 a 1889, kuma ita kaɗai ce cikin jihohi 50 mai sunan shugaban ƙasa. Ban da ita, akwai gundumomi 31 masu wannan suna a jihohi dabam-dabam, da jami'o'i, da gadar da ta ratsa kogin Hudson a birnin New York tun 1931, da dutse mafi tsawo a arewa maso gabashin ƙasar, mai mita 1,917, inda aka auna iska mai gudun kilomita 372 a sa'a guda a 1934.

Matuƙan jiragen ruwa da masu mulki su suka fitar da sunan waje. A 1798 wani matuƙi Ba'amurke, Edmund Fanning, ya hango wani tsibiri a tsakiyar tekun Fasifik ya kira shi Washinton. Yau tsibirin yana cikin ƙasar Kiribati, kuma sunansa Teraina. Ayarin binciken Elisha Kent Kane na 1853 zuwa 1855 ya sa sunan a kan wani yanki a arewa maso yammacin Girinlan. A tsibirin Panay na Filifin akwai garin New Washington, wanda ya sami sunan a zamanin mulkin mallakar Amurka. A Afirka ta Yamma kuwa, tsibirin Bushrod da tashar jiragen ruwan Monrobiya take a kansa, sunan ɗan ƙanen nan na Joj ne, domin shi ne shugaban farko na ƙungiyar da ta kafa matsugunin da ya zama Laberiya.

Amma kama da wane ba ta wane. Tsinin Washinton da ke Antatika, inda dubban manyan tsuntsayen fengwin ke ƙyanƙyasa, ba domin Joj aka sa masa sunan ba. James Clark Ross ne ya raɗa shi a 1841 don girmama Kyaftin Jon Washinton, hafsan sojan ruwan Birtaniya kuma sakataren ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan. Haka nan akwai wani tsohon ƙauye mai suna Washinton a Sussex, can kudancin Ingila, wanda sunansa ya samu tun kafin a san da zuriyar Durham.

Sunan ya shiga littattafan ilimin tsirrai ma. Tun daga tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753, kowane tsiro suna biyu gare shi, na farko na dangi, na biyu nasa na kansa. A 1879 masanin tsirrai Bajamushe Hermann Wendland ya sa wa wani dangin bishiyoyi na hamadar Kaliforniya da arewa maso yammacin Meziko suna Washingtonia. Doguwar bishiya ce mai ganye kamar mafici, mai kama da giginya. Saboda jurewar zafi da fari, an dasa ta a bakin tituna a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, da Arewacin Afirka, da ƙasashen Larabawa, da Ostireliya. Ta haka sunan wani ƙauyen Durham mai sanyi ya tsaya a titunan biranen hamada.

Sunan da Aka Zaɓa

Hanya ta uku ta fi sauran nauyi. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2000, an sami mutum 163,036 masu sunan zuriya Washinton, kuma kusan kashi 90 cikin 100 baƙaƙen fata ne, wato fiye da mutum 146,000. Babu wani sanannen suna a ƙasar da kason baƙar fata ya kai haka a cikinsa.

Mai saurin yanke hukunci zai ce zuriyar bayin Joj ne, domin ya mallaki bayi. A shekarar da ya rasu akwai bayi 317 a Mount Vernon, 123 daga cikinsu mallakarsa ne, kuma ya yi wasiyya a 'yanta su. Matarsa ta zartar da wasiyyar ranar 1 ga Janairu, 1801. Sai dai sanannu daga cikin mutanen gidan wasu sunaye suke amsawa, irin su Lee da Branham da Judge, kuma adadinsu bai kai ya haifar da wannan ɗimbin jama'a ba.

Amsar tana cikin abin da ya faru a 1865, lokacin da aka haramta bauta, mutane kusan miliyan huɗu suka sami 'yanci. Doka ba ta san yawancinsu da sunan zuriya ba, ga shi kuma suna bukatarsa don ɗaura aure, da shiga makaranta, da sa hannu a kan yarjejeniyar aiki. Wasu suka riƙe sunan tsohon ubangidansu, wasu suka fito da sunan da suka daɗe suna amfani da shi a tsakaninsu, wasu kuma suka zaɓi sabo. Da yawa sun zaɓi sunan da ya fi kowane daraja a ƙasar, wanda ke nuna cewa mai shi ɗan ƙasa ne cikakke.

Misalin da aka fi sani shi ne na Booker T. Washinton, wanda aka haifa cikin bauta a Birjiniya a 1856. A tarihin rayuwarsa da ya buga a 1901, ya bayyana cewa ranar da ya fara shiga makaranta ya ji kowane yaro yana faɗin suna biyu, shi kuwa ɗaya gare shi, da aka zo kansa sai ya ƙara da Washinton. Mijin uwarsa ma sunansa na fari ke nan. Booker ya zama shugaban farko na makarantar Tuskegee a 1881, kuma da sunansa aka buɗe makarantar koyon sana'a da aikin gona a garin Kakata na Laberiya a 1929. Ke nan sunan ya sake hawa kan wani wuri, a wannan karon domin ɗan baiwa. A 1975 wani baƙar fata, Walter Washinton, ya kama aiki a matsayin zaɓaɓɓen magajin garin birnin Washinton, a 1983 kuma Harold Washinton ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a Chicago.

Abin da Gwaji Ke Iya Faɗa

Idan suna na iya tafiya ba jini, jini ma na iya tafiya a ɓoye. A 1998 wani likita, Eugene Foster, ya kwatanta Y na zuriyar baffan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da na wani namiji daga zuriyar Eston, ɗan wata baiwarsa mai suna Sally Hemings. Shaidar ta zo ɗaya. Gwajin ya tabbatar da cewa mahaifin Eston namiji ne daga gidan Jefferson, amma bai iya nuna ko wanne ba ne, domin duk mazan gida ɗaya Y ɗinsu iri ɗaya ne. Sai da aka haɗa da takardun tarihi kafin yawancin masana su amince cewa shugaban ne da kansa. Haka kuma a 2007 masanan Leicester suka tarar da wani nau'in Y da aka sani da Afirka ta Yamma a jikin maza 7 cikin 18 masu wani suna na Yorkshire, dukkansu farare, ba wanda ya san yana da kaka ɗan Afirka.

Wajibi ne kuma a san iyakar wannan gwaji. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka abin ke ninkawa har ya kai gurbi 1,024 a hawa na goma. Y da sunan zuriya labarin mutum ɗaya tak suke bayarwa daga cikin waɗannan. Sauran 1,023, waɗanda rabinsu da ɗoriya mata ne, ba a jin sunansu, alhali kuwa daga wajensu mafi yawan gadon jikin mutum ya fito.

Kammalawa

An ga cewa sunan Washinton ya yaɗu ta hanyoyi uku. Ta hanyar haihuwa ya tashi daga Durham ya isa Birjiniya da Bavariya, yana tsinkewa a kan hanya kamar yadda lissafin Galton da Watson ya nuna. Ta hanyar girmamawa ya hau birane da duwatsu da tsibirai da bishiyoyi. Ta hanyar zaɓi kuma ya zama sunan dubban mutanen da kakanninsu suka fito daga Afirka cikin sarƙa, waɗanda su ne mafi yawan masu amsa shi a yau.

Saboda haka, idan ɗalibi ya ga mutum biyu ko gari biyu masu suna ɗaya, kada ya yi hanzarin ƙulla musu dangantaka. Ya fara tambaya tukuna: wa ya sa sunan, a wace shekara, kuma don me? Idan amsar ta nuna gado ne daga uba, kimiyya na da hanyar gwadawa. Idan kuwa ta nuna girmamawa ce ko zaɓi, to sai a nemi bayanin a wajen masana tarihi.